Wai wa ke yi wa Man United cefane ne?

Akwai wasu kwanaki takwas a watan Mayun 2025 da har yau in na tuna su sai raina ya ɓaci. Ranar Laraba 21 ga wata muna zaune a gidan kallo, wasan ƙarshe na Europa a Bilbao, Tottenham ta ci mu, wato Man United, ɗaya mai ban haushi, Tottenham ɗin fa da ta ƙare ta 17 a teburin Firimiya. Kwana biyu bayan nan, ranar Juma'a, Napoli ta doke Cagliari 2-0 ta ɗauki kofin gasar Serie A ta Italiya, toh su wa suka ci ƙwallayen? Scott McTominay da Romelu Lukaku, duka biyun mu muka sayar da su. Da Laraba ta zagayo aka buga wasan ƙarshe na Conference tsakanin Real Betis da Chelsea, Antony yana ɓangare ɗaya Sancho yana ɗaya ɓangaren, dukansu a lokacin ƴan wasanmu ne da muka tura aro saboda mun rasa yadda za mu yi da su, Sancho har ƙwallo ya ci ya ɗaga kofi. Mu kuma muka rufe kakar a mataki na 15 da maki 42 da ƙwallo 44 kacal a wasa 38.

Tun daga ranar nake ta juya maganar nan a raina, saboda a majalisa kullum laifin a kan mutum ɗaya ake ɗora shi, yau a ce Onana ne gobe a ce Maguire ne jibi a ce koci ne bai iya ba a kore shi. An kori Moyes, an kori Van Gaal, an kori Mourinho, an kori Solskjaer, an kori Ten Hag, kuma kuɗin da aka kashe wajen sayen ƴan wasa tun 2013 ya haura fam biliyan ɗaya da rabi, amma kofin Firimiya ko sau ɗaya bai dawo Old Trafford ba. Ruwa dai ba ya tsami banza. Ni a ganina in kana son gane ciwon kulob ɗin nan ka bar kallon fili tukuna, ka leƙa ɗakin da ake yanke shawarar wa za a saya, nawa za a biya, kuma yaushe.

Mutane da yawa sun ɗauka sayen ɗan wasa shi ne koci ya ga yaro a talabijin ya burge shi ya ce a kawo masa. A ƙungiyar da ta san abin da take yi aikin dogo ne. Akwai masu farautar ƴan wasa da ke yawo ƙasa ƙasa, mutum zai je ya kalli yaro sau da yawa, a gida da waje, ranar da ƙungiyarsa ke cin wasa da ranar da ake lallasa ta, ya ga yadda yake yi in ƙwallo ba ta ƙafarsa, ya rubuta rahoto. Akwai masu lissafi da ke zaune gaban kwamfuta suna tace alƙaluma, sau nawa yake ƙwace ƙwallo, wane irin dama yake samarwa, ƙwallayen da ya ci sa'a ce ta kaka ɗaya ko abu ne da zai iya maimaitawa. Akwai masu binciken halinsa, yana jin magana, yana yawan jin rauni, iyalinsa za su iya zaman garin. Sannan a saman su duka akwai mutum ɗaya, daraktan wasanni, wanda shi ne ke riƙe da tsarin ƙwallon da kulob yake son bugawa ko da koci ya tafi wani ya zo, shi ne kuma zai ce wannan yaron kuɗinsa bai wuce kaza ba, in sun ƙi sallamawa mu koma kan na biyu a jerinmu. Wannan kujerar ta ƙarshe ita ce Man United ta yi shekara takwas babu kowa a kanta bayan tafiyar Ferguson, sai a watan Maris na 2021 aka naɗa John Murtough, shi ma ɗan gida ne aka ɗaga.

Lokacin Baba Ferguson ba a ji rashin kujerar ba don shi kansa ne kujerar. Shekara 26 yana wurin, ya san kowane lungu, yana da mutanensa da ya yarda da idonsu har da ƙaninsa Martin da ke yi masa farauta a Turai, ga David Gill, shugaban gudanarwar kulob ɗin, yana ƙulla ciniki. Haka aka samo Schmeichel daga Brondby a kan kusan rabin miliyan, Solskjaer daga Molde a kan fam miliyan 1.5, Vidic da Evra a wata guda a Janairun 2006 su biyun ba su kai fam miliyan 13 ba, Chicharito daga Mexico babu wanda ya san shi a Ingila. Shi ma fa ya sha yin kuskure, Veron bai yi ba, Djemba-Djemba da Kleberson da Bebe duk shi ya kawo su, amma kuskurensa yana faɗawa ne cikin gini mai ƙarfi sai ginin ya shanye. Matsalar ita ce duk ilimin nan a kansa yake, ba a rubuce yake a ofis ba, ranar da ya tafi a 2013 ya tafi da abinsa, kuma Gill ma a wannan lokacin ya sauka. Mutum biyu da ke riƙe da cefanen gidan suka fita ƙofa ɗaya lokaci ɗaya.

Wanda ya gaji Gill shi ne Ed Woodward, mutumin banki ne, yana JP Morgan ya taimaka wa iyalan Glazer suka sayi kulob ɗin da bashi a 2005. A wajen nemo kuɗin talla gwani ne, wannan ba a musu, ya cika kulob da kamfanoni masu ɗaukar nauyi. Amma shi ne kuma ya taɓa gaya wa masu hannun jari a 2018 cewa abin da ake yi a fili ba ya wani shafar kasuwancin kulob ɗin sosai, kaga kuwa mutumin da yake tunani haka in aka ba shi sayen ƴan wasa, sunan da zai ja hankalin duniya ya sayar da riga shi zai fi ɗaukar idonsa. Bazararsa ta farko ma ta nuna inda aka dosa, aka yi ta bin Fabregas bai zo ba, Thiago ya tafi Bayern, Herrera cinikin ya watse, Baines Everton ta hana, sai a daren rufe kasuwa aka ɗauko Fellaini a kan fam miliyan 27.5, alhali a kwantiraginsa akwai sharaɗin da zai sa a same shi a kan 23.5 in da an je kafin ƙarshen Yuli, kuma Moyes ne fa ya baro shi a Everton, ya san da sharaɗin.

Daga nan sai aka shiga wani irin zagaye da ni a wurina shi ne asalin cutar. Moyes yana da irin ƙwallonsa, aka ba shi shekara shida aka kore shi a wata goma. Van Gaal ya zo da ƙwallon riƙewa, a yi ta fasin a hankali, ya kawo mutanensa, Di Maria a kan fam miliyan 59.7, Falcao aro, Blind, Rojo, Depay, Schweinsteiger, Schneiderlin, Darmian. Shekara biyu aka kore shi aka kawo Mourinho wanda ƙwallonsa kishiyar wancan ce, shi ƙarti yake so dogaye masu ƙarfi a tsare gida a kai farmaki, sai ya zubar da na Van Gaal ya kawo Pogba da Lukaku da Matic da Bailly. Solskjaer ya zo yana son matasa ƴan Birtaniya masu gudu, sai Maguire da Wan-Bissaka da Daniel James. Rangnick ya zo da ƙwallon matsi tun daga gaba ya tarar da Ronaldo mai shekara 36 a matsayin lamba tara. Ten Hag ya zo yana son a fara gina wasa daga gola, De Gea bai iya wannan ba sai aka bar shi ya tafi aka kawo Onana. Sai Amorim da ƴan baya uku, tsarin da babu gurbin ɗan gefe na gargajiya a cikinsa, a kulob ɗin da ya tara ƴan gefe kamar me. Kowane koci yana zuwa ya tarar da kayan mutum uku da suka gabace shi, kamar tela ne aka miƙa masa yadin da wani ya riga ya yanka da awon wani aka ce ya ɗinka babbar riga.

Abu na biyu shi ne lokaci. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma United kusan kullum ranar tafiyar take neman wuƙa. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwa ya san in mai kaya ya gane a matse kake kuma aljihunka cike yake, toh ko tayi ba zai saurara ba, albarka kawai zai yi ta ce maka. Dubi bazarar 2022. Wata da watanni ana bin Frenkie de Jong, yaron ya nuna ƙarara ba ya son barin Barcelona amma aka nace. Aka fara kaka, Brighton ta ci mu 2-1 a gida, Brentford ta zuba mana 4-0 tun kafin hutun rabin lokaci, hankalin kowa ya tashi, cikin ƴan kwanaki sai ga Casemiro a kan fam miliyan 60 da ƙarin 10, yana da shekara 30, aka ba shi kwantiragin shekara huɗu da albashi mai nauyi. Casemiro babban ɗan wasa ne kuma kakarsa ta farko ya yi mana aiki har kofin Carabao, amma shi da De Jong ba irin wasa ɗaya suke yi ba ko kusa, ɗaya mai ɗauko ƙwallo daga baya ne ya tafi da ita, ɗaya mai tarwatsa wasan abokan gaba ne. In tsarin koci De Jong yake buƙata, ta yaya madadinsa zai zama Casemiro? Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka babu jerin na ɗaya na biyu na uku, firgici ne kawai.

Sai Antony, wanda ni dai ina ganin shi ne madubin komai. Ajax ta ɗauko shi daga Sao Paulo a 2020 a kan kuɗin da bai kai yuro miliyan 20 ba a farko. Jaridun Ingila sun ruwaito cewa mafarautan United ɗin kansu sun taɓa kallonsa suka yi masa kuɗi wajen fam miliyan 25. Amma da Ten Hag ya ce shi yake so, kuma kasuwa na gab da rufewa, kuma Ajax ta riga ta sayar da ƴan wasa da yawa ba ta da buƙatar kuɗi, sai aka biya yuro miliyan 95 da ƙarin 5. Yaron ya buga wasa 96 ya ci ƙwallo 12. Ka lura da abin da ya faru a nan, masu ido sun gani kuma sun faɗi gaskiyar farashi, wanda zai tsaya ya ce wa koci a'a shi ne babu. Shi ya sa nake jin haushi in na ji ana cewa United ba ta da masu gano ƴan wasa, tana da su, rahotanninsu ne ba sa haye matakala su isa sama.

Mu nan Najeriya muna da namu misalin da ya shafe mu. Ranar ƙarshe ta kasuwar Janairun 2020 aka ɗauko Odion Ighalo aro daga Shanghai Shenhua, ɗan Najeriya na farko da ya saka jar rigar, mun yi murna ƙwarai kuma har yau ina ganin girmansa, tun yana yaro kulob ɗin yake so, ya zo ya yi iya yinsa ya ci ƙwallo biyar. Amma ka tambayi kanka me ya kai kulob kamar United neman ɗan gaba a China sa'o'i kaɗan kafin rufe kasuwa. An sayar da Lukaku an tura Sanchez aro tun bazara ba a kawo madadinsu ba, sai Rashford ya ji ciwo a gadon bayansa, shikenan aka rasa mai buga gaba. A wannan watan dai Erling Haaland ya koma Dortmund a kan wajen yuro miliyan 20, yaron da Solskjaer ya horar da hannunsa a Molde, kuma Solskjaer ɗin ya faɗa da bakinsa daga baya cewa tun yaron yana Norway ya kira United ya ce su zo su ɗauka ba su zo ba. Jude Bellingham ma har filin atisayenmu na Carrington aka zagaya da shi a 2020 ya zaɓi Dortmund, don a can ya ga hanyar da aka shimfiɗa wa yaro mai tasowa. Moises Caicedo kuwa United ta san da shi tun yana Ecuador, aka ja da baya, Brighton ta ɗauke shi a farkon 2021 a kan ƙasa da fam miliyan 5 ta sayar wa Chelsea a 2023 a kan 115.

Zamanin Ten Hag abin ya fito fili har yaro ma zai gane. Lisandro Martinez da Antony daga Ajax, Onana tsohon golansa a Ajax, De Ligt da Mazraoui tsofaffin yaransa a Ajax, Amrabat ya horar da shi a Utrecht, Malacia daga Feyenoord, Weghorst da Zirkzee ƴan ƙasarsu, Mount ma ya taɓa buga gasar Holan a Vitesse. Ba wai dukansu ba su iya ƙwallo ba ne, Martinez in yana da lafiya namiji ne, Mazraoui ma ya yi ƙoƙari a kuɗi kaɗan. Amma kulob mai mafarauta a nahiyoyi daban daban ya koma yana cefane daga lambobin da ke wayar mutum ɗaya, toh albashin me ake biyan sauran? Koci kuma ko waye shi bai da lokacin kallon gasar Faransa da ta Brazil da ta Beljiyam, wasa yake shiryawa duk bayan kwana uku, dole waɗanda ya sani zai kira. Onana a kyauta ya bar Ajax zuwa Inter a 2022, bayan shekara ɗaya muka biya sama da fam miliyan 40. Mount saura shekara ɗaya kwantiraginsa ya ƙare a Chelsea muka biya 55, kuma wurin da ya fi iya bugawa wurin Bruno Fernandes ne.

Na Hojlund shi ya fi ba ni tausayi wallahi. Atalanta ta saye shi daga Sturm Graz a kan wajen yuro miliyan 17, ya yi kaka ɗaya ya ci ƙwallo 9 a gasar Italiya, sai muka biya fam miliyan 64 da ƙarin 8, muka ɗora wa yaro ɗan shekara 20 gaban Man United shi kaɗai babu wani babba da zai koya a wurinsa ko ya hutar da shi, a bazarar da Harry Kane ya tafi Bayern. A kakar 2024/25 shi da Zirkzee su biyun ƙwallo 7 suka haɗa a Firimiya. An yi wa rogo kallon kitse, sannan aka dawo ana zagin rogon.

In kana son ganin bambanci dubi Liverpool a bazarar 2017, lokacin da muka biya fam miliyan 75 a kan Lukaku. Klopp Julian Brandt yake so, amma daraktan wasanninsu Michael Edwards da masu lissafinsa suka nace masa a kan Salah wanda mutane ke cewa ya gaza a Chelsea, Klopp ya saurara, aka saye shi daga Roma a kan wajen 35. A wannan bazarar suka ɗauko Robertson daga Hull da ta faɗa ƙasa a kan fam miliyan 8. Da Barcelona ta zo da fam miliyan 142 a kan Coutinho suka sallama, kuɗin suka zama Van Dijk da Alisson. Klopp fa ba ƙaramin koci ba ne amma akwai wanda zai iya ce masa ga wanda ya fi. A wurinmu kuwa Woodward ya taɓa alfahari cewa sun tace ƴan baya na dama 804 kafin su zaɓi Wan-Bissaka, ka tace mutum 804 sannan ka ƙare a kan wanda duk mai kallon Crystal Palace ranar Asabar ya sani, ka biya kusan fam miliyan 50, kuma yaron gwanin tare ɗan gefe ne amma kai hari ba fanninsa ba ne a ƙungiyar da kullum ita ake tsare wa gida. Bayan shekara biyar aka sayar da shi West Ham a kan 15.

Zan yi adalci a nan, ba duk sayen ne ya lalace ba. Bruno Fernandes shi ne mafi alherin abin da aka kawo tun bayan Ferguson, ko da yake shi ma sai da aka yi jinkirin wata shida aka bar rabin kaka ta lalace. Zlatan a kyauta ya zo ya yi aiki, Herrera da Mata sun yi mana hidima, Amad ya fara nuna kansa, Maguire ma da ake ta yi wa dariya ba mugun ɗan baya ba ne, fam miliyan 80 ɗin da aka liƙa masa a goshi ne ya zame masa kaya, alhali Leicester a kan 17 ta same shi daga Hull shekara biyu kafin nan. Kuma akwai gaskiya a maganar masu cewa gidan ne ke kashe ƴan wasa, don mun ga mutane da yawa sun fita sun farfaɗo. Amma ai sanin ko ɗan wasa zai iya ɗaukar nauyin gidanka yana cikin aikin farautar. Di Maria tun farko zuciyarsa ba ta Manchester, ga ɓarayi sun yi yunƙurin shiga gidansa iyalinsa suka tsorata, ga koci yana sauya masa wuri kullum, shekara ɗaya ya tafi PSG da faɗuwar wajen fam miliyan 15. Van de Beek an saye shi a kan wajen 35 ba tare da an san inda za a sa shi ba, ya tsufa a benci, aka ba Girona shi a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Sai ɓangaren da ba a cika magana a kansa ba a majalisa, wato sayarwa. Ɗan kasuwa na gari tun ranar sari yake tunanin ranar sayarwa. United tana ba ɗan wasa albashin da babu mai iya biya sai ƙungiyoyi ƙalilan a duniya, toh in bai yi ba wa zai ɗauka? Sanchez shi ya fara ɓata ma'aunin a 2018, an ba shi albashin da ya fi na kowa a Ingila don kawai a ƙwace shi daga hannun Man City, ya ci ƙwallo 5 a wasa 45, kuma daga ranar duk wanda ya zo sabunta kwantiragi da wannan ma'aunin wakilinsa yake zuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, dillalai sun gane gidan nan akwai la'ada. Pogba ya tafi Juventus kusan a kyauta a 2012, muka dawo da shi a kan fam miliyan 89, ya sake komawa can a kyauta a 2022. Har yau sayarwa mafi tsada a tarihin kulob ɗin ita ce ta Ronaldo zuwa Real Madrid a 2009.

Ga kuma yadda lissafin yake a littafi, don shi ne ke bayyana wasu abubuwan da ke ba mutane mamaki. In ka sayi ɗan wasa fam miliyan 80 a kwantiragin shekara biyar, ba a rubuta 80 ɗin a shekara ɗaya, ana raba shi 16 duk shekara. Bayan shekara uku saura 32 a kansa, in ka sayar da shi ƙasa da haka faɗuwa ce za a rubuta maka, kuma dokar Firimiya ta waɗannan shekarun ba ta yarda kulob ya yi asarar da ta wuce fam miliyan 105 a shekara uku ba. Shi ya sa kaya ke kwantai, ba a iya sayarwa sai dai a yi ta tura su aro ana biyan wani kaso na albashinsu. Shi kuwa yaron da ya taso a makarantar kulob ba a saye shi ba, duk abin da aka samu a kansa riba ce tsantsa. Kaga dalilin da McTominay, wanda yake gidan tun yana ɗan ƙaramin yaro, shi aka sayar wa Napoli a kan wajen fam miliyan 25 don a samu sararin kawo Ugarte, ya je can ya ci ƙwallo 12 aka zaɓe shi gwarzon gasar Italiya gaba ɗaya. Elanga ma haka, 15 aka sayar da shi Nottingham Forest, bayan shekara biyu Newcastle ta biya sama da 50. Kuskuren da aka yi a kan baƙo, ɗan gida ne ke biyan kuɗinsa.

Rangnick ya faɗi gaskiya tun Afrilun 2022, ya ce abin da kulob ɗin ke buƙata tiyatar zuciya ce ba shafa magani ba, kuma ana iya buƙatar sabbin ƴan wasa har goma. Mutumin nan shi ya gina tsarin farautar Salzburg da Leipzig, irin aikin da muke rashi shi ne sana'arsa, amma aka ɗauke shi koci na wucin gadi, aikin ba da shawarar da aka yi masa alkawari kuma aka soke shi.

Da attajiri Jim Ratcliffe ya sayi kashi 27.7 cikin ɗari na hannun jarin kulob ɗin a Fabrairun 2024 ya karɓi harkar ƙwallo na yi zaton an zo ƙarshen abin, aka kawo sabbin shugabanni, Omar Berrada daga Man City da Jason Wilcox, aka yi wata da watanni ana jiran Dan Ashworth ya zo ya hau kujerar daraktan wasanni har da biyan Newcastle diyya. Shi kansa Ratcliffe ya ce a fannin amfani da alƙaluma kulob ɗin yana ƙarnin da ya wuce. Amma me suka fara yi? Suka tsawaita wa Ten Hag kwantiragi saboda ya ci kofin FA, suka kashe wajen fam miliyan 200 a kan ƴan wasan da suka dace da tsarinsa, a watan Oktoba suka kore shi, suka kawo mai tsarin da ya sha bamban a tsakiyar kaka, Ashworth kuma wata biyar kacal ya yi aka raba gari. Sallamar Ten Hag da mutanensa da ta Ashworth ta ci sama da fam miliyan 14, a daidai lokacin da ake sallamar ɗaruruwan ƙananan ma'aikata da sunan tsimi.

Cefanen 2025 ya fi hankali, wannan zan yarda. Cunha da Mbeumo sun riga sun nuna kansu a Firimiya, ba a sayi gaibu ba, kuma golan da aka ɗauko daga Antwerp, Lammens, irin sayen da masu lissafi ke kawowa ne. Sai dai Mbeumo ɗin da muka biya fam miliyan 65 da ƙari, Brentford ta ɗauko shi daga Troyes ta rukuni na biyu a Faransa a 2019 a kan ƙasa da 6, har yanzu mu ne masu saye a hannu na ƙarshe bayan kowa ya ci ribarsa. Kuma an sake ɗinka ƙungiyar a jikin koci ɗaya, wato Amorim, aka kawo Dorgu don tsarin ƴan baya uku, aka fitar da Rashford da Garnacho da Antony da Sancho, duk wanda zai karɓi ƙungiyar da wani tsarin daban zai nemi ƴan gefe ya tarar an watsar da su. Tsohon bashin ma a lokacin bai gama fita ba, don kuɗin sayen ɗan wasa kashi kashi ake biya, a hirar da Ratcliffe ya yi a watan Maris na 2025 ya lissafo Antony da Casemiro da Onana da Hojlund da Sancho a cikin waɗanda har lokacin ake biyan kuɗinsu, ya ce Sancho yana can yana buga wa Chelsea, United na biyan rabin albashinsa, kuma a bazarar akwai fam miliyan 17 da za a sake biya na sayensa da aka yi tun 2021.